Rasuwar Hali, Gatan Direba, Mota da Kaya

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika fal, gidan Kaka Mansura na Zongo yana sanar da rasuwar Hali, ɗan fari na jikarta Lubna. Masu tsegumi su kwantar da hankali: a cikin ordinatar, wato kwamfuta, ta haife shi.

Lubna ce ta rubuta wa direbobin Nijar na tashar albasa aplikasiyon ɗinsu, manhajar waya mai ba da labarin tafiya. Marigayin jerin kalmomi ne, masu sana'ar suna ce masa enum. Abu uku ya iya faɗa: YA TASHI, YANA HANYA, YA ISO. Direba, Mota da Kaya, sassan aplikasiyon ɗin waɗanda Lubna ke kira kilas-kilas, duk daga bakinsa suke magana. Bai taɓa ƙara gishiri ba. Mota ma mace ce, amma shekara da shekaru yana ce mata "ya iso", ta haƙura. In waya ta yi tit-tit, matan direbobi sun san lokacin ɗora tukunya ya yi.

Ciwon ajali ya shigo da damina. 'Yan albasa suka roƙi a ƙara musu YA RUƁE saboda kayan da ke lalacewa a hanya. Lubna, saboda son ɗanta, ta ƙi yi wa Kaya jerinsa daban, ta ɗura wa Hali kalmar, kowa ya samu rabo. Ranar Talata yatsan Rafi'u magatakarda ya zame, saƙo ya faɗa wayar Ƙaltume, matar direba Harisu: HARISU YA RUƁE. Baiwar Allah ta yi kururuwa har unguwar Larle aka ji. Harisu ya dawo daga Galmi ya tarar da tabarmi a ƙofar gidansa, ana karɓar gaisuwarsa.

Shugaban direbobi ya ce ko Hali ya mutu, ko a ba wani aikin Lubna. Lubna ta wuni tana kallon ɗan nata, furar da aka kai mata ta yi tsami a gefe.

Marigayin ya bar Direba, Mota da Kaya, kowa zai kama jerinsa. Mota za ta soma jin "ta iso", amma ba daga bakin da ta saba ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar a zauren Kaka, Lubna za ta goge shi da hannunta. Allah ya ba ta haƙuri. Harisu zai halarta, ana roƙon jama'a su daina shinshinarsa.