Hatimin da Aka Buga wa Kawu Tasi'u

Wani mutum ne, kuma ba zan ɓoye muku ba, ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya. Tasi'u. Allah Ya yafe mini in na ƙara gishiri, amma shi ma ya san ban ƙara ba.

Tasi'u ya yi wata bakwai a Legas, a kasuwar kwamfuta. Rigar waya yake sayarwa a kan tire. Da ya dawo Funtuwa sai ga shi ya zama Injiniya. In ka ce rediyonka yana shaƙewa, zai ce ya gyara na jirgin sama.

'Yata Rumasa'u zanen katin biki take yi. Tsohuwar kwamfutarta ta mutu murus, ga katin auren 'yar maƙwabciyarmu da ta yi alkawarin bayarwa washegari. Sai ta sa aka kawo mata kayan sabuwa daga Kano, kowane a kwalinsa, za ta haɗa da kanta. Ta baje su a tabarma ke nan, sai ga sallamar Tasi'u.

"Kai! Kai! Kai! Yaya, kina kallo za ta yi ɓarna?"

"Kawu, na iya fa. Na kalli yadda ake yi ya fi sau goma."

"Kallo? Ni da hannun nan na haɗa ɗari uku a wuni ɗaya. Matsa!"

Na yi mata ido, don kawu ne. Ta matsa tana cizon leɓe.

Ya buɗe wani ɗan akwatin roba, ya ɗago wani ƙarfe mai kusurwa huɗu, bai kai kwalin ashana ba. Furosesa ake ce masa, in ji shi, in babu shi sauran kayan tarkace ne. Ba a riƙe shi sai ta gefe. Ba ya son gumi, ba ya son ƙura, kafin ka taɓa shi sai ka taɓa ƙarfe. Wannan kam Rumasa'u ta ce gaskiya ya faɗa.

"To kowa ya fita. Numfashin mutum biyu ya yi masa yawa."

Muka fito tsakar gida. Muna jin sa yana waya da wani yana cewa yana tsakiyar tiyata. Ya aika a kawo fura. Ya sha, ya nemi ƙari.

Sai da ya zo kan wayoyi ya kira mu kallo. Jama'a, ban taɓa ganin ɗauri irin wannan ba. Akwai 'yan igiyoyin roba da in an ja ba sa kwancewa. Rumasa'u ta ce biyar sun isa. Tasi'u ya ƙarar da leda guda. Ƙat! Ƙat! Ƙat! Ya tamke kowace waya kamar kayan da za su hau mota zuwa Agadas, har wata tana ƙara kamar tsirkiyar goge.

"Kawu, ka bar musu ɗan sako-sako, za ka tsinke su."

"Ke, wannan ɗaurin Turai ne."

Malam, maigidana, ya dawo daga kasuwa ya tsaya a bakin ƙofa. Tasi'u ya gyara tsayuwa, ya yi bisimilla da ƙarfi don a ji, ya danna maɓallin kunnawa.

Fankar cikin kwamfutar ta ce fuu, ta tsaya. Allo baƙi ƙirin.

Ya sake dannawa. Tsit.

"An cuce ki, 'yar nan! Kanawa sun haɗa ki da jabu. Ba ni lambar mai kayan in ci mutuncinsa."

Rumasa'u ta miƙe. Almakashina ta ɗauko. Kafin ta kai ga fankar sai da ta yanke igiya arba'in da wani abu, kowace ta yanke sai Tasi'u ya ce wayyo. Ta kwance fankar. Ga farin man da ake ɗigawa a kan furosesa don rage zafi, ya lafta shi kamar mai shafe ɗaki, a kan baƙin murfin robar da ke rufe gurbin furosesan. Ta ɗaga murfin. Wayam.

"Kawu, ina furosesan?"

"Yana ciki mana."

"Babu."

Aka zazzage kwalaye, aka ɗaga tabarma, har kwanon fura na leƙa. Idon Rumasa'u ya kawo ruwa, ni ina ta innalillahi a zuci. Tasi'u kuwa ya rantse wani ya shigo.

Ana cikin haka aka kira La'asar. Ya ce bari ya yi alwala, Allah zai tona asirin ɓarawo. Ya ɗauki buta ya tsuguna. Ya wanke fuska, ya wanke hannu, ya ture hula zai shafi kai.

"Kawu! Kar ka motsa!"

Ga shi nan ɗaram a tsakiyar sanƙonsa, gumi ya manne shi, yana ƙyalli.

"Au! Na ajiye shi ne inda hannu ba zai..."

"Kar ka yi magana! Sauke hannun, jiƙaƙƙe ne!"

Haka Injiniya ya daskare a tsugune, hannu a sama, ruwa na bin gwiwar hannunsa. Rumasa'u ta sa yatsu biyu ta ɓamɓaro shi, ɓas! Ta goge shi da kyau, ta bari ya bushe, ta zaunar da shi a gurbinsa, ta ɗaure wayoyinta sako-sako. Ta danna. Allo ya kawo haske tar. Alhamdulillahi.

Duk wannan lokacin Tasi'u yana nan riƙe da buta, ya rasa ta inda zai ci gaba da alwalar. A tsakiyar kansa ga shaida ta fito ja wur, kusurwa huɗu cif.

Malam ya sunkuya ya duba da kyau.

"Injiniya," ya ce, "wace ma'aikata ce ta buga maka hatimi?"