Yadda Na Kwashe Waƙoƙin Akokan

Tun da na gyara wa maƙwabcina rediyo ake kirana Injiniya a Akokan, ni kuwa ban taɓa musawa ba. Kwamfutata ce ma'ajiyar waƙoƙin unguwa, har da kiɗan gitar Abzinawa da aka ɗauka a bukukuwa, wanda babu shi ko'ina.

Da ta cika, sai na sayo diski na waje, na ja hoton jakar waƙoƙin na jefa ciki. Kafin ƙiftawar ido aiki ya ƙare. Abokina Iliya ya ce, "Anya, Injiniya? Duk sun shiga?"

Na ce, "Kai da ka saba da amalanke, ina za ka gane?" Na goge na asalin a gabansa.

Ranar auren ƙanensa na jona diskin, mata har sun ci ɗamara. Ashe alamar jakar kawai na kwafa, babu waƙa ko ɗaya. Ko tari lasifikar ba ta yi ba. Da tafi da kiɗan ƙwarya aka ƙarasa bikin.

Har yau, ko wuta aka ɗauke, sai wani ya ɗaga murya: "Injiniya, ita ma ka sa ta a diskin ne?"