Suyar Ƙanƙara a Misfala

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na nemi a zubo min kifin da ba a soya ba, a gaban dattawa, a garin Makka.

Umara na je, na sauka unguwar Misfala gidan yayata Hajiya Balaraba. 'Yarta Suwaiba, haihuwar can, tana karatun ilmin teku a wata jami'a wajen Jidda. An zaɓe ta cikin masu zuwa can ƙuryar arewacin duniya, inda teku ke daskarewa, su yi wata biyu a jirgin ruwa. Mahaifinta, Alhaji Idi mai shagon turare, ya ce ba inda za ta. Sai ta biyo ta kaina.

"Ya Kawu, kai ka zaga duniya, kai Baba zai saurara. Ya'ani, aikinmu a kan hut ne, zan sa muku..."

"Halas, shi ke nan, 'yata, na gane," na katse ta. (Ban gane komai ba. Amma wanda ya taɓa kwana uku a Mosko ai ba a koya masa sanyi.) Kalma ɗaya na riƙe, hut. A bakin mutanen Hijaz, wato yankin Makka, hut kifi ne na kasuwa, wanda ake ci da shinkafa. A littafin su Suwaiba kuwa, ashe dabbar tekun nan ce da ta fi motar safa girma.

Bayan la'asar Alhaji yana zaune da abokansa uku, na gyara babbar riga na fara wa'azi a kan albarkar sana'ar kifi.

"Kifin Jidda ƙarewa ya yi?" in ji Alhaji, fuska a murtuke.

Ina laluben amsa sai ga ƙara daga bayan labule: cuuu, tas, tas-tas. Wallahi har ƙamshi na ji. Na ɗaga murya:

"Hajiya, a rage wutar nan kar ya ƙone! Ni kan kifin za a sa min, da yaji! Kun ji ko, Alhaji? Tun ba ta tafi ba mun fara cin amfani."

Can Hajiya ta ce daga ciki, "Wace wuta? Ni ko gas ban kunna ba."

"Kawu," in ji Suwaiba daga bayan labule, "ƙanƙara ce."

Sauti ne da malamanta suka ɗauko a ƙarƙashin ruwa, ta kunna a waya. Tsohuwar ƙanƙara ce ke narkewa, iskar da ta daɗe a kulle cikinta na fashewa. Wani dattijo cikin baƙin ya dube ni ya ce, "To Malam, a zubo ƙanƙarar da yaji?" Da ƙasa ta tsage da na shige har da hula.

Suwaiba dai ba ta tsaya ba. Ta sa wani kuka mai tsawo, ta ce hut ce ke kiran ɗanta, don a duhun ruwan da kunne suke gani. Sai rugugin injin jirgin ruwa ya taso ya haɗiye kukan. Ta ce zafi ya ƙaru, ƙanƙara ta ja baya, jiragen kaya sun sami hanyar da a da babu.

Alhaji ya share hawayen dariya, ya ce a maimaita. Ya saurara har ƙarshe.

"Kamar ɗanka ya kuɓuce maka a ɗawafi," ya ce a hankali, "kana kira, ba ya ji." Ya harare ni. "In dai wannan ne masanin gidan, to gara wani ya je ya jiyo mana da kunnensa. Suwaiba, ki kawo takardun in sa hannu."

Ta tafi, ta dawo lafiya, har yau cewa take ni na ceto tafiyar. Ba na musu. Na dai koyi cewa in kunne ya kawo labari, kada ka bari ciki ya yi tafinta.