Gidan da Ke Ɓacewa Idan Ya Ji Sunanmu

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin Dillancin Gidaje na Shuɗiyar Tantabara,
Gent.

Ranka ya daɗe, mai riƙe da mabuɗan unguwa, wanda ba a samun rufin kwana sai da sa hannunsa.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mutumin da hotonsa ke yi mana murmushi a kowace tashar bas, ina fata kana lafiya, kuma gwiwoyinka suna hawa bene ba tare da gardama ba.

Sunana Nurten Akbulut. Na faɗe shi tun da wuri don in ba ka damar ajiye takardar nan, kamar yadda ma'aikatanka ke ajiye waya da zarar sun ji shi. Shekarata ashirin da biyu ina aiki a ɗakin karatu na unguwarmu. Mahaifina, Baba Sefer, mai shekara saba'in da tara, ya faɗo daga matakala ya karya ƙugu. Ɗakinsa yana hawa na uku, gidana kuwa banɗakinsa a sama yake. Asibiti za su sallame shi ƙarshen watan nan. Idan ban samo masa gida a hawan ƙasa ba, za a kai shi gidan tsofaffi a wani ƙauye mai nisan bas biyu da jirgi ɗaya, inda bai san kowa ba sai shanu. Kamfaninka yana da irin gidan da muke nema, layi biyu daga ƙofata. Ga 'yan ƙorafe-ƙorafena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Ina neman bayani kan wata mu'ujiza. A garin nan aka haife ni, maganata irin ta 'yan gari ce, don haka da na kira ofishinku hira ta yi daɗi. Dillalinka, Mista Joris, ya yaba mini hasken tagogi da natsuwar maƙwabta, har ya ce akwai bishiyar tuffa a bayan gida. Sai ya tambayi sunan da zai rubuta. Na faɗa. Nan take ya ce, "Kash, Madam, yanzun nan abokin aikina ya miƙo min takarda. An riga an bayar." Bayan kwana biyar na ga allon haya yana nan a taga, na sake kira. Abokin aikin ya sake miƙo takarda. Karo na uku ma haka. Ranka ya daɗe, wane ne wannan bawan Allah da ke tsaye a bayan Mista Joris da takarda a hannu, yana jiran a ambaci sunan Baturke? Ana ba shi hutun cin abinci kuwa? Na karanta littattafai da yawa a kan gidaje masu aljanu, amma ban taɓa cin karo da gidan da ke ɓacewa saboda sunan mutum ba.

Na biyu. Ranar Litinin ƙungiyarmu ta karatu ta haɗu, mu mata shida. Muka ture littafin gefe, dama babu wadda ta gama shi. Na kira da ƙarfe uku da minti goma, wayar a buɗe kowa na ji. An bayar. Da ƙarfe uku da minti ashirin da ɗaya ƙawata Godelieve Vermeersch, tsohuwar ungozoma, ta kira daga teburin nan dai. Gida ya dawo duniya! Godelieve ba ta iya yin abu rabi-rabi, sai ta ƙara da cewa tana da karnuka uku, ɗaya ba ya jituwa da ɗan aike. Mista Joris ya ce shi ma yana son dabbobi. Ta ce mijinta ya fara koyon busa ƙaho tun da ya yi ritaya, kuma bai iya ba tukuna. Ya ce, "Ai kiɗa shi ne rayuwa, Madam." Mijin Godelieve shekararsa tara a kabari, Allah ya sa bai ji ba. Aka ba ta ranar Laraba ta je ta ga gidan. Ina tambaya cikin girmamawa: a ma'aunin kamfaninku, karnuka nawa ne ke daidai da tsoho ɗaya mai suna Sefer? Ina so in san ko nawa zan saya.

Na uku, kuma a nan ne nake roƙon ka gyara zama. Laraba muka je mu uku. Na ɗauko Baba daga asibiti a keken guragu, ya sha hularsa ta zuwa biki. Mista Joris ya ba Godelieve hannu, ya ɗauka Baba ne mai ƙahon, ni kuma ya dube ni sau ɗaya ya yanke hukunci cewa ni 'yar aiki ce. "Ke, goge tayoyin keken kafin ku shigo." Na goge, ranka ya daɗe. An yi mini tarbiyya.

A ɗakin girki ya matso kusa da Godelieve, ya sauke murya, ya koma tsohon karin maganar Gent, wanda ya tabbata baƙi ba sa ji. Ya ce ta kwantar da hankalinta, mai gidan ba ya karɓar "waɗancan mutanen". Ya ce ka ba mutum ɗaya mabuɗi, ka wayi gari da dangi ashirin, ga warin albasa har cikin bango. Ya ce akwai wata ma da ta dame shi da waya.

Abin da ba a koya wa Mista Joris ba shi ne, mahaifina bai taɓa shiga ajin koyon harshe ba. Yana da shekara ashirin ya shiga masaƙa, ya yi shekara talatin da ɗaya a gaban injin saƙa tare da 'yan asalin garin nan, ana ihu a kunnen juna. Harshen labaran talabijin har yau yana ba shi wahala. Amma wannan karin da dillalinka ya ɓuya a ciki, da shi Baba yake zagi, da shi yake mafarki. Ya ɗaga hula ya ce:

"Kai, ɗan samari, jikan wa ne kai? Wannan bakin naka na bayan tashar jirgi ne. Kakanka ya yi masaƙa?"

Mista Joris ya ce e, da ƙyar.

"To ya ci albasata da burodi, kuma bai ce tana wari ba, ƙari ya nema. Ni ne waɗancan mutanen. Wannan da ka sa gugar taya ita ce mai damun ka da waya. Yanzu matsa, tsayinka ya tare min taga, ina so in ga tuffar nan."

Godelieve ta ce, "Sefer, kar ka kashe shi, ni ban iya karɓar gawa ba, haihuwa na iya."

Ban san fuskar ɗan Adam tana iya yin ja har bayan kunne ba sai ranar. Ƙorafina a nan ɗaya ne: ku riƙa ajiye kujera a gidajen da kuke nunawa, don ma'aikacinku ya nemi wurin zama bai samu ba.

Na huɗu. Na gode da wasiƙar da ofishinka ya aiko, mai cewa ku dillalai ne kawai, abin da mai gida ya ce shi kuke bi. Na tausaya muku. Idan gobe ya ce ku tura masu haya ta taga, ina fata za ku nemi ya rubuta. Da yake aikina jera littattafai ne, na san inda dokar take, har na karanta ta. Kuna da damar tambayar ko fanshon Baba zai ɗauki hayar, kuma zai ɗauka. Ba ku da damar tace mutane da asali, ko launi, ko addini, ko keken da suke zaune a kai. Wanda ya ba da umarnin da wanda ya aiwatar, doka ba ta raba su. Don haka na kai ƙara ofishin gidaje na gari da hukumar da ke sauraron ƙorafin wariya. Cike takardar bai kai tsawon dafa taliya ba: ranaku, lokutan kira, hoton allon da ke taga, da sunayen mata biyar da suka ji komai. Ina shaida maka, matan da suka saba gardama a kan littafin da ba su karanta ba, ba za ka so ka gamu da su a kan abin da suka ji da kunnensu ba.

Na biyar. Jiya kwalin cakulan ya iso asibiti, da katinka a kai. Da yamma ka kira ni da kanka, ka furta sunana daidai, alamar an yi atisaye. Ka ce an sami rashin fahimta, gidan na Baba ne daga ranar Alhamis, sai dai zai fi kyau in janye ƙarar don a fara zama da zuciya ɗaya. Na ce zan yi shawara.

Gaskiya ban yanke nan take ba. Kwana tara ya rage, kuma tsohon nan shi kaɗai gare ni. Na je na gaya masa, na ce idan na ƙi, za su iya fasawa. Ya gama tauna cakulan ɗinka, ya ce, "'Yata, gidan haƙƙina ne ko alfarma?" Na ce haƙƙi. Ya ce, "To me za ki biya da shi? Karɓi mabuɗi, ki bar takarda inda take. Wanda zai kira bayanmu ba lallai yana da Godelieve ba."

Amsarmu ke nan. Ranar Alhamis da ƙarfe goma za mu iso ƙofar gidan da motar kaya, da alƙalamin sa hannu. Ƙarar tana nan. Idan muka tarar an sake bayar da gidan, ba za mu yi hayaniya ba. Ofishinku yana hawan ƙasa, yana da faffaɗar ƙofa da ɗumi mai kyau. Can za mu sauke gadon Baba.

Ina nan ƙarƙashin inuwar adalcinka, wadda nake sa ran ganin ta ranar Alhamis.

Taka mai matuƙar biyayya,
Nurten Akbulut