Tumbin Marigayi Hedimasta

"Na ce ka ƙara masa kumatu!"

"Ranka ya daɗe, an ce marigayin siriri ne kamar sillen kara."

"An ce! Ni da ya koyar zan fi saninsa, ko kai mai zane?"

Matar marigayi hedimasta tana zaune a kan benci, bangon katako kawai ya raba ta da masu gardamar. A cinyarta hoton mijinta ne, guda tilo da ya rage, naɗe cikin ɗankwali. Ta ji za a zana fuskarsa a bangon sabon zauren tunawa da shi, shi ne ta kawo.

Mai tsawar kuwa shugaban tsofaffin ɗalibai ne, wanda gari ke kira Sai-Da-Ni. Allah ya yi bawa mai ƙaunar matattu! Rayayye ba ya samun amsar sallamarsa, amma kana cikawa ka zama amini. Hedimasta ya daɗe yana jinya a ɗaki mai yoyo, Sai-Da-Ni bai leƙa ba, don kada ya dame shi. Ranar jana'iza kuwa kukansa sai da ya sa aka bar gawa aka koma rarrashinsa.

Mahassada na cewa marigayi ya taɓa maimaita masa aji, bai kuma taɓa ce masa madalla ba. Hassada ga mai rabo taki ce.

Sakatare ya fito ya ce wa matar marigayin shugaba na taro. Ta dawo, ta sake dawowa, kullum taro. Ashe zama yake gaban mai zane, wai don yaron ya ga yadda kwarjini yake.

Ranar buɗe zaure aka yaye ƙyallen da ya rufe zanen. Tafi ya yi tuntuɓe. Ga hedimasta ya cika bango: tumbi, agogon zinare, har da wushirya, mutumin da ya mutu haƙoransa a haɗe.

"Malam bai mutu ba!" in ji Sai-Da-Ni, yana share busasshen ido. "Wanda ya dube ni ya gan shi!"

Tsohuwa ta tare shi a bakin ƙofa, ta kwance ɗankwali.

"Ɗana, ga Malam. Jikokinsa ba su san shi ba. Kada su ɗauka wancan ne."

Ya dubi hoton, ya waiga ya dubi bango, tausayi ya kama shi.

"Ayya, Inna! Wa ya ɗaukar miki wannan? Ko kaɗan bai yi kama da marigayi ba."