Takalmin da Na Ce na Kakanmu Ne

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren ƙanena Faisal ba, duk da cewa na yi iya ƙoƙarina in manta. Shekara uku ke nan, amma har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Faisal ne ya kawo shawarar cewa mu mazan gidan ango mu fito a shigar mutanen Jidda na da: farar jallabiya, falmaran a sama, da rawanin nan mai ruwan ɗorawa da ake kira gabana. Kowa ya ce to, ya je kasuwar Bab Makka ya yi sayayyarsa a yini ɗaya, ya haɗa da takalmin fata mai buɗaɗɗen baya, halas, shi ke nan. Ni kaɗai na ce wannan bai ishe ni ba. (Ina da wata muguwar ɗabi'a tun ina yaro: in aka ce a yi abu tare, sai na nemi yadda nawa zai fi na kowa.)

A falon Baffa Haruna, yayan marigayi mahaifinmu, a unguwar Nuzla, akwai hoton kakanmu guda ɗaya tak. Kakan nan namu daga ƙasar Kano ya taso a ƙafa ya zo aikin hajji, bai koma ba, ya kama aikin gadi a tashar jiragen ruwa ta nan Jidda, inda muke zaune har yau. A hoton yana tsaye ƙyam, sanye da baƙin takalmi sau-ciki mai rufe idon sawu, da igiya har sama. Na ce wallahi irin wannan zan sa.

Mako uku na yi ina nema. Sana'ata gyaran na'urar sanyaya ɗaki, to da na rufe shago sai in shiga kantunan unguwar Sharafiyya ɗaya bayan ɗaya, da hoton a wayata. Wani ya kawo min mai tsinin baki yana ƙyalli kamar madubi, wani ya kawo min na leburori mai ƙarfe a gaba. Na je kasuwar gwanjo na tone tarin takalma har na samo daidai abin da nake so, amma ƙafa ɗaya ce, ɗayar ba wanda ya san inda ta tafi. Matata, da ke kira na da sunan ɗanmu, ta gaji ta ce, "Abu Hamza, wai aure za a yi ne ko fim?"

A ƙarshe wani ɗan kasuwa mutumin Damagaram, a wani lungu bayan masu yadi a Bab Makka, ya dubi hoton ya shiga ciki ya fito da kwali. Baƙi ne, mai faɗin baki, da igiya har idon sawu. Ya ce, "Alhaji, in gaya maka gaskiya, sabo ne fil. An dai ɗinka shi a kan fasalin na da. Ka ga ma an ɓoye zif ta ciki don kada ka wahala da igiya." Na saya ban tsaya dogon ciniki ba.

Matsalar ita ce ya cika sabunta. Sai na goge shi da yashi, na shafa masa man zaitun, na shanya shi kwana biyu a saman bene. Da na sauko da shi ya yi furu-furu kamar ya ga duniya. Na rantse muku a lokacin ba ni da niyyar yi wa kowa ƙarya. (Na san wanda ya goge sabon takalmi da yashi ba shi da bakin rantsuwa, amma haka abin yake.)

Ranar walima bayan la'asar aka taru a wani gidan taro mai fili, an jera kujeru a waje. Shigar kowa ta yi kyau, amma ƙafata ake kallo. Wani abokin ango ya tsugunna ya duba, ya ce, "Mashallah! Min fen? A ina ka samo wannan?"

Na buɗe baki zan ce Bab Makka, sai na ji kaina na ce, "Na kakanmu ne."

Yadda idonsa ya buɗe shi ya ƙarasa ni. Ya kira wasu, aka kewaye ni ana ɗaukar ƙafata hoto. A karo na biyu na ce a cikin wata tsohuwar akwati na same shi. A karo na uku, Allah ya yafe min, kakanmu har ya ratsa hamada da shi.

Ban yi tunanin maganar za ta yi tafiya ba. Ina tsakiyar bayani sai Faisal ya taɓa kafaɗata ya ce, "Yalla, Baffa na kiran ka."

Baffa Haruna ya haura tamanin a lokacin, idonsa ya yi rauni sosai, da ƙyar yake gane mutum sai an yi magana. Yana zaune a sahun gaba tsakanin dattawan gidan amarya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kamo hannuna ya ce, "Ya waladi, ɗana, an ce takalmin Baba ne a ƙafarka. Haka ne?"

Nan ne Allah ya ba ni ƙofar fita. Kalma uku ta isa: wasa nake, Baffa. Amma waɗanda na ba labarin hamada suna tsaye a bayana. Na ce, "Haka ne, Baffa."

Ya ce, "Ciro min na hagu."

Na zauna a ƙasa na kwance igiyar rami bayan rami don kada a ga zif ɗin, na tashi tsaye na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu ya ɗora a kan cinyarsa, a kan farar jallabiyarsa, bai damu da ƙurar ba. Sai na ga hawaye yana gangarowa cikin gemunsa. Ya juya ga dattawan ya ce, "Tun ina ɗan shekara bakwai ni nake goge wa Baba wannan takalmin kullum da safe. Yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, sai dunduniyar ta cinye ta gefe. Wani baduku ya lika mata guntun taya da ƙusa uku. Bari ku gani."

Ya kifa takalmin ya fara lalube da yatsu. Wurin ya yi tsit. Ya shafa dunduniyar sau ɗaya, ya sake shafawa. Ba taya, ba ƙusa. Yatsunsa suka hau gefe a hankali, suka tsaya a kan wani ɗan ƙarfe. Ya ja. Kowa ya ji ƙarar zif ɗin.

Ya ce, "A zamanin Baba ko wandonsa ba shi da zif."

Aka fashe da dariya, har da masu rabon gahawa. Ina tsaye da ƙafa ɗaya a takalmi, ɗaya a safa, da rawani a kaina kamar mutumin kirki. Da a nan abin ya tsaya, da na ce na sha kunya kawai. Amma Baffa ya share fuskarsa da gefen rawaninsa, ya miƙo min takalmin ya ce, a hankali, "Karɓi abinka. Na ɗauka yau Allah zai sa in sake taɓa wani abu nasa."

Dariyar ta ɗauke. Ni kuwa ban san yadda na bar wurin ba. Sauran walimar a bayan tukwanen shinkafa na yi ta, ina taya masu zuba abinci ba tare da kowa ya roƙe ni ba. Tun daga ranar samarin dangi suka sa min suna Abu Zif, kuma ban taɓa hana su ba.

Bayan kwana biyu na tafi Nuzla neman gafara. Na yi ta kame-kame, Baffa ya katse ni ya ce, "Halas, ya wuce. Amma me ya hana ka tambaye ni?" Sai ya gaya min inda takalmin gaskiyar ya tafi: wata Juma'a aka ɗauke shi a ƙofar masallaci, kakanmu ya dawo gida ba takalmi yana dariya, yana cewa duk wanda aka gani yana ɗingishi gobe a kamo masa shi. Daga nan hira ta ɓalle. Awa biyu yana ba ni labarin mutumin da na yi shekara arba'in ina kallon hotonsa ban san komai a kansa ba: garuruwan da ya tsaya ya yi noma a hanya, ƙanwarsa da ta rasu kafin su kai bakin teku, yadda bai iya Larabci sosai ba har ya mutu. Da zan tafi ya ce in riƙa zuwa duk Juma'a, akwai saura da yawa.

Sau biyu na koma. Sai zafi ya shigo, aiki ya yi min yawa, kullum ina cewa Juma'a mai zuwa. Baffa ya rasu kafin azumin shekarar, da sauran labarin a bakinsa.

Na ba kasuwa mako uku don in yi kama da kakana, na ba mutumin da ya san shi yamma uku. Abin da na koya bai da yawa. In za ka yi wa mamaci ƙarya, ka tuna akwai wanda ya goge masa takalmi, kuma wataƙila yana zaune a sahun gaba. Yanzu ko agogo aka tambaye ni inda na samo, nakan faɗi sunan shagon, da lungun, har da ƙasar mai shagon.