Ranar da Na Nemo wa Kawu Birki

Na shiga shagon Kawu a Suame, unguwar makanikai, da kwamfuta a hammata, ina taƙama. Na haɗa masa manhajar neman kayan mota: maɓallan da yaren kwamfuta na Python, binciken da na C, ɗaya na kiran ɗaya. Duk unguwarmu ta Zongo wa ya iya wannan?

Kawu ya tara makanikai. "Ɗana, nemo mana birkin trotro, bas ɗin hayar nan."

Na danna. Allo ya rubuto: GWANI YA ISO. Ashe ba binciken maɓallin yake kira ba, tsohon gwajina ne, wanda na rubuta ina yabon kaina.

Kawu ya gyara tabarau. "Sannu da zuwa. Birkin fa?"

Washegari na gyara manhajar, tana aiki lafiya. Amma har yau ko masallaci na shiga, sai wani ya ce, "Ku matsa, gwani ya iso."